Edita ya dawo da maƙalata ba bita, in roƙi a sake dubawa?

Ka ce editan mujallar Nature Nanotechnology ya dawo maka da maƙalarka kan ƙananan ƙwayoyin azurfa bai ko tura wa masu bita ba, kana tambaya ko ka roƙi a sake duba ta. Kada ka ɓata lokacinka, kai ta wata mujallar. Edita ya ga aikin bai kai irin sabon binciken da suke nema ba ne, kuma da wuya roƙo ya sauya masa ra'ayi. Nanoscale ta Royal Society of Chemistry, ko Nanotechnology ta Institute of Physics (IOP) da ke fitowa tun 1990, sun fi dacewa da aikinka.

Amma kafin ka tura, duba hotunanka na TEM, wato na'urar hangen ƙananan abubuwa da ke amfani da elektron. A bitar da nake yi, abin da ya fi sa ni mayar da maƙala shi ne marubuci ya ce ƙwayoyinsa nanomita 20 ne (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), alhali hoto ɗaya tak ya nuna. Auna ƙwayoyi masu yawa, ka zana yadda girmansu ya bambanta, sannan ka haɗa da sakamakon XRD, wato gwajin da ke amfani da hasken X-ray wajen gano tsarin ƙwayoyin.