Amsa: Yadda siliki ya raya ƙauyukan Sin

Malam, ka tambayi dalilin da siliki ya ɗaga ƙauyukan yankin tafkin Taihu da ke gabashin Sin, kamar na kewayen birnin Huzhou, alhali kowa can manomin shinkafa ne. Sirrin yana cikin lokaci. Tsutsar siliki kwana 25 zuwa 28 kawai take yi tana cin ganyen wata bishiya da ake kira malberi, ta yi saɓa sau huɗu, sannan ta naɗe kanta cikin gidan zare. Iyali kan sayar da wannan kafin shinkafa ta nuna, ga kuɗi a hannu lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Kashin tsutsar kuma a zuba wa kifi a tafki, laƙar tafkin a mayar taki a gindin malberi.

Aikin ba wasa ba ne. Bayan saɓa ta huɗu tsutsa ke cinye mafi yawan ganyenta, har dare sai an tashi ba ta. Jiƙaƙƙen ganye ko ɗaki mai zafi da laima kan kashe tsutsotsin tire guda. Gidan zaren kuma dole a turara shi kafin tsutsar ta rikiɗe ta zama wani ƙwaro mai kama da malam-buɗe-littafi, ya huda shi ya fito, don da zarar ya fito, zaren mai tsawon ɗaruruwan mita ya tsinke.

A 1909 Japan ta wuce Sin wajen fitar da siliki, domin zaren injinta ya fi na hannu daidaito. Wannan ya sa Fei Dasheng, wata ƙwararriya kan aikin siliki, ta taimaka aka kafa masana'antar siliki ta haɗin gwiwa a ƙauyen Kaixiangong da ke yankin Taihu a 1929. Yanzu kiwon tsutsar siliki ya koma yamma, yankin Guangxi ne kan gaba, saboda ƙasa da ƙwadago sun yi tsada a gabas.