Yaya, ga abin da muke yi idan ƙanƙara ta rufe mu

Yaya, barka da war haka. Saƙonki ya iso, kuma sai da na yi dariya har yara suka leƙo kicin. Kin ce: "Ku da kuka ce wata biyar ƙanƙara take rufe ku, me kuke yi a cikin gida? Barci?" Wallahi da barcin ne da na yi ƙiba. Bari in ba ki labarin yadda abin yake a nan Miniyapolis, jihar Minesota.

Da farko ki cire hunturun Kano daga ranki. Namu na gida hazo ne da iska mai busar da leɓe, a hura kasko, a shafa man kaɗanya saboda faso, rana na ɗagawa kowa ya tuɓe rigar sanyi. Nan kuwa daga Nuwamba har Maris, wani lokacin har Afrilu, ƙasa fara fat take. A shekara dusar ƙanƙarar da ke sauka takan kai wajen inci 50. A ƙarshen Janairun 2019 ma'aunin zafi ya sauka har digiri 33 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas, aka rufe makarantu, har masu raba wasiƙa suka zauna a gida. Ranar yara suka watsa tafasasshen ruwa sama daga bakin ƙofa, ya bi iska kamar hayaƙi. A Disamba kuma wajen huɗu da rabi magariba ta yi. Kina idar da azahar, kafin ki gama wanke-wanke la'asar ta shigo, kafin ki sauke tukunya duhu ya rufa.

Ita dusar tana da kyau a ido, ban musa ba. Amma aiki ce. Dokar gari ta ce mai gida ya share hanyar masu tafiya a ƙasa da ta bi ta ƙofarsa cikin awa 24 bayan ta daina zuba. Wanda ya ƙi, za a iya turo masu sharewa, a aiko masa da takardar kuɗi. Kin san sharar ƙofar gida da muke yi da sassafe da tsintsiya? To irinta ce, sai dai da shebur mai faɗi, kuma abin da ake kwashewa yana da nauyi. Busasshiya sauƙi gare ta, kamar dusar gero. Jiƙaƙƙiya kuwa kamar kwaɓaɓɓiyar ƙasar gini, shebur ɗaya sai ki ji a ƙugunki. Shi ya sa likitoci ke gargaɗin masu ciwon zuciya da dattawa su bar wa matasa.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne motar share titi. Mutum ya gama kwashe gaban garejinsa tas, yana haki, sai ta zo wucewa ta turo duk abin da ta kwaso ta jibge a bakin hanyarsa, tudu guda, ga shi ya daskare. Babu wanda za ka kai wa ƙara, aikinta take yi. Sai a koma. Bayan an share a barbaɗa gishiri don ƙanƙarar ta narke, amma in sanyi ya wuce kamar 9 ƙasa da sifili gishirin ba ya cin komai, sai dai yashi don kada a zame. Idan kuma ta sauka da yawa, hukuma takan yi shelar kwana uku na share tituna: daren farko a janye motoci daga manyan hanyoyi, washegari daga gefe ɗaya na ƙananan tituna, rana ta uku daga ɗaya gefen. Shekararmu ta farko Baban yara bai san da wannan ba. Ya fito da safe ya tarar janwe ta tafi da motar. Har yau in an ambaci zancen sai ya ce yana da aiki a waje.

Wani abu da ban zata ba shi ne a nan na ga gayya. Mutanen nan ba su da yawan gaisuwa, wata guda sai ka yi ba ka ga maƙwabcinka ba. Amma dusa na sauka, mai injin feshe ƙanƙara zai bi layi ya share har ƙofar tsohuwar da ke zaune ita kaɗai, bai ce uffan ba. Mu ma mun ɗauka. Yarana biyu su ke share wa wata tsohuwar Baturiya da ke jikin gidanmu, ita kuma kullum sai ta ba su labarin dusar ƙarshen Oktoban 1991, wadda ta kai inci 28, kamar yadda Inna take ba mu labarin shekarar fari.

Ta hannun tsohuwar nan ɗinkin ya shigo mana. Kin tambaya ko da gaske ne na zama tela. Ban zama ba. Abin da ya faru shi ne kaɗaici ya kusa kayar da ni a hunturuna na biyu. A gida ba sai an gayyaci mutum ba: sallama kawai, a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ana tsinkar zogale ana hira. Nan ba wanda ke faɗowa gidan wani ba waya, ga duhu da wuri, ga mai gida a wurin aiki. Wata rana na shiga kai mata tuwo, na tarar da ita da ƙawayenta huɗu sun kewaye tebur suna haɗa bargo. Al'adarsu ce tun kaka da kakanni. Ana yanka ƙyallaye ƙanana, a jera su bisa zane, a haɗa su zama shimfiɗa ɗaya, a sa auduga a tsakiya da wani yadi a ƙasa, sannan a bi duka ukun da ɗinki. Na ce a raina, ashe faci ma sana'a ce.

Sai na kira namu. Mu Hausawa ba mu da yawa a nan, ba kamar Somaliyawa ba, waɗanda suke da unguwanni da kasuwanni da masallatai, kuma a wurinsu muke sayen naman akuya. Mu shida ne: ni, da wata 'yar Zariya, da biyu daga Jos, da 'yar Damagaram, da wata haifaffiyar Zangon Kumasi wadda Hausarta ke sa mu dariya, tamu ma tana sa ta. Duk Asabar bayan azahar muke haɗuwa, gida-gida kamar adashe, a ɗakin ƙarƙashin ƙasa inda kekunan ɗinki biyu za su samu wuri. Mai masauki ta dama kunun gyaɗa, wata ta zo da ƙosai. A nan ake jin wa ta haihu, wa ke neman aiki, wane likita ne mace, wace yarinya ta fara amsa wa uwarta da Turanci zalla. 'Yar Zariyar ita ce gwanarmu, don ta taso a gidan masu ɗinkin hula, hannunta ya san allura. Ita ke kwance mana abin da muka karkata, ba ta kuma jin kunyar faɗa.

Bargunanmu ba irin na Turawan ba ne. Su sun fi son launi mai sanyi, mu kuwa atamfa muke yankawa, da ragowar shadda, da ankon bikin da aka daina sawa. Na farkon da na gama akwai zanen da kika ba ni ranar da zan taso, mai ruwan goro, da ankon bikin Auta. Kada ki yi faɗa, ya riga ya koɗe ne. Duk wadda ta haihu a cikinmu muna haɗa mata ƙarami kafin suna, in kuma sabuwar zuwa ce, babba muke ba ta, don ba wadda ke sauka daga jirgi da abin rufa na kirki.

Yanzu matsalarmu ƙyalle. Atamfa a nan tsada, kuma ba a yanka sabuwa don bargo. Don Allah ki ce wa telanku kada ya ƙara zubar da ragowar yadi, ya tara miki a leda, komai ƙanƙantarsa. Akwai mai tahowa bayan Sallah, zan turo miki lambarta. Ki haɗo da daddawa da kuka. A gaida su Inna da yara.