Fatawa: Sa yara ƙanana aikin garka, ya halatta?

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah shi gafarta Malam. Ni mace ce daga wani gari kusa da Tahoua, maigidana ya tafi cirani Abijan ya bar mu da garkar albasa da ɗan tomati da shu, yarana ukku, mai shekara 11 da mai 8 da ƙaramar mai 6, su ke kama mini ban ruwa da cire haki, to wani mushen lakkol, wato malamin boko, ya ce mini wai wannan bautar da yara ne, abin ya tsaya mini a rai. Malam ina da zunubi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Baiwar Allah ki kwantar da hankalinki, asalin abin halal ne, yaro ya kama ma iyayenshi aiki daidai ƙarfinshi tarbiyya ce. Anas ɗan Malik yana da shekara 10 ya fara yi ma Manzon Allah (SAW) hidima, ya yi shekara 10 yana yi, kuma shi da bakinshi ya ce ko sau ɗaya Annabi bai taɓa ce mishi tir ba, bai taɓa ce mishi don mi ka yi kaza ko don mi ba ka yi kaza ba. Wannan yana cikin Bukhari da Muslim, kuma a cikinsu ne ya zo cewa musulmin da ya yi shuka ko dashe, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci, sadaka ce gare shi.

Amma shi ma mushen kar ki watsar da maganarshi gaba ɗaya, akwai inda take da gaskiya. Ciyar da gida nauyin uba ne ko yana Abijan ko yana ina, nauyin bai sauka kan yaro ɗan shekara 11 don ubanshi ya yi nisa. Imamu Malik ya kawo cikin Muwaɗɗa cewa Sayyidina Usman ya ce a huɗuba kar a ɗora ma ƙaramin yaro neman kuɗi, don in bai samu ba zai yi sata. To a nan iyakar take, in yaro yana koyo yana taimako ba laifi, in kuwa an mai da shi lebura, an ce sai ka gama fangali goma kafin ka ci abinci ko sai kin saida tiren tomati kaf kafin ki shigo gida, to an fita daga halal an shiga zalunci, ko da uwa ce ta yi.

Sai ƙa'idar "la darara wa la dirar", ba cuta ba cutarwa, kuma mu da muka san garkunan Ader, yankin Tahoua, mun san inda cutar take. Rijiyar garka yawanci baki buɗe take ba murfi, gefenta santsi, 'yar shekara 6 ba ta da abin yi a wurin ko da wasa, ki ba ta tsinkar tomati ko korar awaki daga shinge. Maganin ƙwari kuwa haramun ne ki bar yaro ya dama shi ko ya yi feshi, ko da babban yaron ne, kuma bidon da aka zuba magani kar a wanke a mai da shi na ruwan sha, wallahi ana yin haka kuma guba ce. Motopom, wato injin ban ruwa, da esans ɗinta na manya ne. Arozuwar, wato gwangwanin ban ruwa, in tana cike ta fi ƙarfin ɗan shekara 8, a cika mishi rabi ko a samo ƙarama, yawan ɗaukar nauyi yana taɓa bayan yaro tun bai ƙosa ba.

Karatu kuma shi ne inda mutanenmu suka fi faɗawa. Dashen albasa yana zuwa daidai ana tsakiyar lakkol, cirarta kuma wajen watan 3 da na 4 lokacin da rana ke wuce digiri 40, sai ka ga aji ya watse makarantar allo ta watse kowa na garka. In aikin zai ci lakkol ko allo ko salla, to aikin ne zai jira, mai 11 ɗin nan ya riga ya wuce shekarun da aka ce a tsananta mishi kan salla. Su yi da marece bayan an tashi, da ranakun hutu. In hannu bai isa ba ranar dashe ki nemi gayya wajen dangi ko ki gaya ma maigidan ya aiko da kuɗin ɗan ƙwadago, hakkinku ne a kanshi, ba roƙo ba ne.

Dokar aiki ta Nijar ta 2012 ta hana ɗaukar yaro aiki a ma'aikata kafin shekara 14, saboda haka kar ki tura su garkar wani a biya su, ku tsaya ga taku.

In da hali ki ware ma kowanensu fangali ɗaya, har da ita macen, don Annabi (SAW) ya ce a yi adalci tsakanin 'ya'ya a kyauta. In kin ce kin ba shi to ya zama nashi, ranar da aka saida albasar ki aje mishi kuɗinshi ko ki sai mishi takalmi da kaye da su, ya gani da idonshi. Wallahu a'alamu.