Ƙanenki da tramadol: kada ki raba shi da ita a dare ɗaya

'Yar'uwa, kin ce ƙanenki ɗan acaɓa ne a Agege, ya fara shan tramadol lokacin kullen korona, yanzu ba barci, ba magana, kina tambaya ko ki kulle shi a ɗaki har ya daina.

Don Allah kada ki yi haka. Jikin da ya saba da tramadol, idan aka yanke masa ita farat ɗaya, sai zufa, ciwon gaɓoɓi, gudawa da firgici su taso, shi ya sa likita ke rage ta sannu a hankali. Yawan shanta kuma yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya.

Ki tuna halin da ya shiga. A Fabrairun 2020 aka hana acaɓa a wasu sassan Legas, ranar 30 ga Maris kuma aka rufe gari. Mai nema kullum ya wayi gari ba aiki, ga mutanen gida suna jiran aike. Ni a ganina damuwar ce tushe, dole a duba ta tare da shan.

Ki raka shi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba, suna da sashen masu shaye-shaye. Idan ya ambaci kashe kansa, yau ɗin nan za ku tafi.