Melatonin da 5-HTP: kafin a sa hannu a aljihu

Tambaya: Barci ba ya ɗauka ta sai wajen ƙarfe biyu na dare. An ce in sayi melatonin, na ga mai miligiram 3 da mai 10. In ɗauki mai ƙarfin?

Amsa: Malam, bar mai 10 ɗin nan. Melatonin ba irin maganin da ke kwantar da mutum dole ba ne. Jikinka na haɗa nasa daga tryptophan, wani sinadari da ke cikin abinci mai gina jiki kamar ƙwai, madara da nama. Jiki kan mai da shi 5-HTP, daga nan serotonin (sinadarin da ke kai saƙo a ƙwaƙwalwa), sannan wani ɗan ƙullutu a tsakiyar ƙwaƙwalwa ya juya shi melatonin idan duhu ya yi. Aikinsa sanar da jiki cewa dare ya yi, kamar carar zakara da asuba: tana faɗa maka lokaci, ba ta ɗaga ka daga shimfiɗa. Shi ya sa lokacin sha ya fi yawan ƙwayar tasiri. Ga wanda barcinsa ya ja baya irin naka, rabin miligiram zuwa ɗaya, awa ɗaya ko biyu kafin lokacin da kake son kwanciya, kan wadatar. Mai yawa kuwa sai ya bar ka da kasala da ciwon kai washegari.

Kada kuma ka yarda da rubutun jikin kwalba ido rufe. A 2017 masu bincike a Jami'ar Guelph ta Kanada sun auna kayan melatonin kusan 30, suka tarar wasu ba su kai rabin abin da aka rubuta ba, wani kuma ya ninka shi fiye da sau biyar. A wasu ma an samu serotonin wanda ba a ambata ba. A Amurka ana sayar da shi a matsayin ƙarin abinci, amma a Ingila sai da takardar likita. Nemi wanda wata hukumar gwaji mai zaman kanta ta tantance, ka adana shi inda yara ba za su kai ba, musamman mai kama da alawa. Kuma in wayarka na haska maka fuska har tsakar dare, kai da kanka kake danne melatonin na jikinka.

Tambaya: Likita ya ɗora ni a kan sertraline saboda ciwon damuwa. Ƙawata ta ce in haɗa da 5-HTP tunda daga tsiro ake samunsa.

Amsa: Malama, don Allah kada ki saya. Gaskiya ne daga 'ya'yan wani tsiro mai suna Griffonia ake ciro shi, amma da zarar ya shiga jiki serotonin yake zama, shi kuma maganinki aikinsa ke nan, hana serotonin saurin gushewa. In suka haɗu yana iya yin yawa, ya kawo makyarkyata, zufa, gudawa, bugun zuciya da ruɗewa, wani lokaci har a rasa rai. Haka ma ga mai shan tramadol. In kin ga maganin bai fara aiki ba, ki sani yakan ɗauki makonni huɗu zuwa shida. Koma wa likitanki ki faɗa masa, shi zai san ko a ƙara ko a sauya.