Na Samu Koyon Aiki a Sashen Rabon Kuɗin Agaji, Dangi Har Sun Fara Turo Sunaye

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na karanta tattalin arziki, na gama bautar ƙasa, yanzu wata ƙungiyar agaji a Maiduguri ta ɗauke ni koyon aiki na wata shida a sashen da ke raba tallafin kuɗi da kati ga waɗanda ambaliya da rikici suka ɗaiɗaita. Ban ma fara ba, kawuna ya turo mini sunaye tara, bulaman unguwarmu kuma ya aiko a gaishe ni. Kowa cewa yake yi kuɗin Turawa ne, suna biyu ko uku ba za su rage komai ba. In na ƙi a ce na yi girman kai, in na yarda ina tsoron in shiga uku. Wane aiki ake sa ɗan koyo, kuma yaya zan yi da su?

AMSA: Wa alaikumus salam. Barka da samun gurbi ɗana, domin tun da Amurka ta datse kuɗaɗen USAID, hukumarta ta ba da agaji a ƙasashen waje, a farkon 2025 irin waɗannan gurabe suka yi ƙaranci. Tsoron da kake ji kuwa a kan hanya yake.

Da wuya ka taɓa kuɗi da hannunka, banki ko kamfanin da aka ƙulla yarjejeniya da shi ne ke biya. Kai waya za a ba ka mai manhajar tattara bayanai ta KoboToolbox, a tura ka Kasuwar Monday ko ta Gamboru ka bi 'yan kasuwa kana tambayar farashin mudun shinkafa, wake, masara, kwalbar manja, gawayi da sabulu. Da wannan ake lissafa abin da gida ɗaya ke buƙata a wata. Lokacin da madatsar ruwa ta Alau da ke kusa da Maiduguri ta ɓalle a Satumbar 2024 ruwa ya shiga har Kasuwar Monday, don haka kafin a yi maganar rabo sai da aka duba ko akwai kayan saye, domin kuɗi a hannun jama'a babu kaya a rumfa tsada kawai yake jawowa. Sauran lokacinka zai tafi ne a Excel wajen gyara sunaye, da bin gida-gida bayan biya: nawa kika karɓa, nawa mai POS ya yanke, wani ya nemi kaso? Kafin ka fara, ka shiga Kaya, dandalin intanet na koyon aikin agaji, ka yi darasin farko na CALP, ƙungiyar da ta ƙware kan tallafin kuɗi, kyauta ne. Ka kuma shirya wa takaici. Bayan cire tallafin mai a Mayun 2023 farashi ya riƙa tsalle kowane mako, mu kuwa muna ta taro bayan taro kafin a yarda a ƙara adadin da ake biya.

To, mu zo kan maganar kawu, wadda kusan kullum sai na ji irinta: "kuɗin ƙungiya ne, ba na kowa ba." Wannan magana ta fi kowace illa a aikinmu, kuma mutanen kirki ne ke yin ta, masu sallah a sahun gaba. Kuɗin nan yana da masu shi, an kuma ƙirga su tun kafin ya iso. A ce an ware wa unguwa gida 2,000, to 2,000 ɗin ne, babu mai ƙaro ko ɗaya don kawunka ya roƙa. Duk sunan da ka cusa, wani ka ture. Wanda ake turewa kuma ba mai baki ba ne. Matar da mijinta ya ɓace a daji ce ya bar ta da yara, ko tsohon da ba ya iya tsayuwar layi, ko baƙin da bulama bai san su ba. Za ka gan ta ranar rabo, ta yi sammako da goyo, ta ranto kuɗin keke-napep a kan za ta biya da yamma, ta ɗora yatsa a na'ura, na'ura ta ce babu ita. Kai ne za ka ɗago kai ka ce mata "Mama ki dawo gobe," alhali ka san babu abin da za ta tarar goben.

Masu cewa ba za a gane ba kuma ba su san yadda aikin yake ba. Wanda ya yi rajista daban, wanda ya tantance daban, wanda ya amince da biya daban. Ana ɗaukar hoton yatsa, ana tace lambobin waya don kama wanda ya shiga sau biyu, manhajar da ka yi rajista da ita tana ajiye lokacin da ka cike fom, sau da yawa har da wurin. Ga akwatin ƙorafi da layin waya na kyauta, kuma maƙwabcin da aka tsallake shi ne zai fara kira. In aka kama, manya suna da lauya da dogon hannu, ɗan koyo shi ake fara sallama, sunansa kuma ya zaga ƙungiyoyi, domin ma'aikatan nan duk sun san juna. Abin ma bai tsaya kanka ba. A Yunin 2023 Hukumar Abinci ta Duniya da USAID sun dakatar da tallafin abinci a faɗin Habasha bayan an gano ana karkatar da shi, aka yi watanni miliyoyin mutane suna jira. Ɓarayin ba su kwana da yunwa ba.

Wannan tunani shi ya buɗe wa 'yan damfara kasuwa. Tun da jama'a sun yarda sai da hanya ake shiga, ga masu sayar da fom na bogi a bakin sansani, ga masu tura saƙon WhatsApp wai Majalisar Ɗinkin Duniya na rabon kuɗi a turo lambar BVN, ga mai unguwar da ke karɓar "na goro" daga kowane gida bayan biya. Mafi muni, ma'aikacin da zai ce wa yarinya ta same shi da daddare in tana son kati. Rajista kyauta ce, tallafi kyauta ne, duk wanda ya nemi ko naira ɗaya ko wani abu dabam ɓarawo ne, ko da rigar ƙungiya a jikinsa. In ka ga irin wannan wajibinka ne ka kai rahoto, za ma ka sa hannu a kan takardar da ta ce haka a makonka na farko. Ka kuma kiyayi ɗan kasuwar da ke karɓar katin tallafi, wanda zai ce a kai maka buhun shinkafa gida don zumunci. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, ran da ka kama shi yana tauye mudu bakinka ba zai buɗu ba.

Kawu kuma kada ka yi masa saƙo, ka je da ƙafarka ka durƙusa. Ka gaya masa gaskiya: ba kai ke rubuta suna ba, akwai sharuɗɗa, kwamitin unguwa da masu tantancewa ne ke bin gidaje, kuma in aka ga hannunka a ciki aikin ya tafi, mutanen tara ma a soke su. In a cikinsu akwai mabuƙaci na gaske, ka ba shi lambar layin ƙorafi ya kira da kansa, wannan haƙƙinsa ne. Bulama ka mayar masa da gaisuwa cikin girmamawa, yana da gurbinsa a kwamiti, can zai kai maganarsa.

Ranar da ka fara, ka rubuta wa shugaban sashenku cewa kana da dangi a unguwa kaza, ka roƙi a tura ka wata unguwar. Kada kuma jerin sunayen ya kwana a wayarka ko ya bi ta WhatsApp, ko abokin aiki ne ya nema. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta hau kanka kamar yadda ta hau kan ƙungiyar, kuma a Borno takardar da ke nuna wane gida ne zai karɓi kuɗi ran Talata tana iya kai 'yan fashi har ƙofar gidan.