Tambaya da Amsa: Shafin da ke yi maka lissafi kyauta, wa ke biyan sa la'ada?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Garwa. Ƙanena da ke karatu a Amurka ya daɗe yana yabon wani shafin intanet mai suna Mint, wai shi ke riƙe masa lissafin kuɗinsa, ko dala ba ya biya. Daga baya ya ce an rufe shi. Wa ya kafa shi, da me yake ci tunda kyauta ne, kuma me ya kashe shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Wani matashi Ba'amurke, Aaron Patzer, ya kafa Mint a 2006, aka buɗe wa jama'a a watan Satumba na 2007. Mutum zai haɗa asusunsa na banki da katinsa na bashi da shafin, shi kuma ya riƙa ɗauko bayanin duk abin da ya shiga da wanda ya fita, yana kasa su kashi-kashi: cefane, haya, man mota, magani. In ka yanka wa kanka iyaka ka ƙetare ta, sai ya aiko maka da gargaɗi. Kallon kuɗin kawai yake yi, suna nan a banki. A 2009 kamfanin Intuit ya saye shi a kan dala miliyan 170. Dalar Amurka muke nufi, ba dalarmu ta kasuwa mai sefa biyar ba.

Batun abin da yake ci kuwa, ka tuna dillalin kasuwar shanu. Ba ya karɓar komai don ya zagaya da kai, sai ciniki ya faɗa ya ɗauki la'adarsa. Mint ya san albashinka, ya san bashin da ke wuyanka, sai ya ce ga wani kati ko wani asusun ajiya da ya fi naka sauƙi. Ka latsa ka buɗe, bankin ya biya shi. La'ada waje ke nan, daga aljihun banki take fitowa, shi ya sa ƙanenka bai taɓa ganin ta ba.

A nan gizo yake saƙa. Haɗa shafi da dubban bankuna aiki ne mai cin kuɗi kullum, domin da banki ya sauya tsarinsa sai igiyar ta tsinke, a nemi masu gyara. Mai shigowa duba lissafinsa kuwa yana iya shekara bai buɗe sabon asusu ba: ɗawainiyarsa kullum, la'adarsa jefi-jefi. A ganinmu wannan ne ciwon da ya daɗe yana cin Mint. A 2020 Intuit ya sayi Credit Karma, shafin da mutane ke zuwa da niyyar neman bashi ko kati, wato masu saye ne tun daga gida. A ƙarshen 2023 aka sanar za a rufe Mint, a watan Maris na 2024 aka rufe, aka ce masu amfani da shi su koma can.

Cikin waɗanda suka ɗore akwai shafukan kwatanta farashi da ba da shawara. Martin Lewis, ɗan jarida a Ingila, ya kafa MoneySavingExpert a 2003 da kimanin fam 100, ya sayar da shi a 2012 a cinikin da ya kai fam miliyan 87. Wata ɗabi'arsa da ta kamata a kwaikwaya: duk mahaɗin da zai kawo wa shafin la'ada ana sa masa alamar tauraro, mai karatu ya sani. NerdWallet ma da dala 800 aka fara shi a 2009, ya shiga kasuwar hannun jari a 2021.

Tambaya: Malamai, barkanku da aiki. Na gama karatun kwamfuta a Marwa, ina so in buɗe irin wannan da Hausa don mutanenmu na Kamaru da Cadi. Ta ina zan fara?

Amsa: Ƙanenmu, ka manta da tsarin Mint. Kuɗin mutanenmu suna cikin aljihu, da adashi, da waya. Abin da ke cin su a ɓoye shi ne kuɗin aikawa da na cirewa, don haka daga nan za ka fara. Ka ɗauki adadi uku da aka fi aikawa, a ce sefa 5,000 da 25,000 da 100,000, ka jera abin da ake yanka a MTN MoMo da Orange Money da Express Union, a ɓangaren Cadi kuma Airtel Money da Moov Money. Ka haɗa na aikawa da na cirewa wuri guda, domin mai karɓa a Kusiri abin da ya shiga hannunsa ya sani. Kada ka bar haraji a baya: a Janairun 2022 Kamaru ta sa kashi 0.2 cikin ɗari a kan irin wannan hada-hada, wato sefa 100 a kan 50,000.

Kowane farashi ka rubuta ranar da ka duba shi, ka sake dubawa duk wata. Tsohon farashi shi ke kashe irin wannan aiki. Sau ɗaya mutum ya je rumfar mai cire kuɗi ya ga saɓanin abin da ka faɗa, ba zai dawo ba. Kuma yawancin masu buƙatar bayanin sun fi sauraro a kan karatu, sai ka riƙa naɗar sa da murya, minti biyu, don WhatsApp.

In ka kai ga bankuna da ƙananan bankunan lamuni, kada ka sa kowa a jerinka sai ka tabbatar yana da lasisin ma'aikatar kuɗi da amincewar COBAC, hukumar da ke sa ido kan bankunan yankin Afirka ta Tsakiya. Kan bashi, ka nemi adadin da ake kira TEG, wanda ya haɗa ruwa da kuɗin takarda da inshora a shekara. Kashi 2 a wata yana da daɗin ji, amma 24 ne a shekara tun kafin a ɗora sauran. Ka ware kuma wuraren da ke da tsarin Musulunci, don da yawan masu karanta ka abin da za su fara tambaya ke nan.

Riba fa? Mu yi lissafin misali. Mutum 10,000 sun leƙo a wata, 200 sun latsa, 20 sun buɗe asusu, an biya ka 5,000 kowane: sefa 100,000, kafin ka cire kuɗin data da na zirga-zirga. Shi ma sai ka sami bankin da ya yarda da la'ada a rubuce, da hanyar gane cewa kai ka turo mutumin. Lambar shaida da zai faɗa a gaban ma'aikacin banki ta isa. Wanda ya biya ka zai so ya hau saman jeri. Ka ƙi, ka jera bisa araha, nasa ka sa masa alama. Lambar sirri ta MoMo ko ta banki kuwa kada ka taɓa neman ta wurin kowa, ka kuma rubuta hakan ɓaro-ɓaro a farkon shafin, don ranar da ɗan damfara zai kira mutane da sunanka.